Takardar komawa makaranta bayan korona: yadda na ga hidimar wani asibitin yara a Kano

A cikin hidimomin da asibitocin kuɗi suka ɓullo da su bayan annobar korona akwai wadda ba a cika magana a kanta ba, wato a duba yaron da ya kamu da cutar, a bibiyi jikinsa na 'yan kwanaki, sannan a ba iyayensa takardar da ke bayyana ranar da ya dace ya koma aji. Wani asibitin yara mai zaman kansa da ke yankin Tarauni a birnin Kano yana yin wannan aiki, kuma na kai 'yata da ke aji uku na firamare can a hunturun da ya gabata, bayan makarantarsu ta ce ba za ta karɓe ta ba sai da takardar likita. Ba zan kama sunan asibitin ba, saboda akwai abubuwan da zan soka, kuma tsarin aikin nake son aunawa domin amfanin iyayen da za su nemi irinsa a ko'ina cikin gari. A ganina shawarar da likitar ta bayar ta cancanci kuɗin da aka biya, amma abubuwan da ke kewaye da shawarar, tun daga ɗakin jira har zuwa rubutun takardar, ba su kai darajarta ba.

Dalilin da ya sa ake buƙatar irin wannan hidima shi ne ƙa'idar ta sauya sau da yawa, kuma kowa ya riƙe wadda ya fara ji. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, a Kano kuwa ranar 11 ga Afrilu na wannan shekarar, aka rufe makarantu tun daga watan Maris har zuwa Oktoba, aka buɗe wuraren killace majinyata a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha. A wancan lokaci kwana 14 ne ya zauna a zukatan mutane, alhali wannan adadi na killace wanda ya yi cuɗanya da mai cutar ne. Ga wanda ya kamu kuma yake da alamu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kwana 10 daga ranar da alamun suka fara, a ƙara aƙalla kwana 3 babu wata alama. A watan Janairu 2023 hukumar ta sassauta, ta ce kwana 10 ga mai alamu, kwana 5 ga wanda gwaji ya nuna cutar amma ba ya jin komai, kuma ana iya fita kafin lokacin idan gwajin gaggawa ya nuna babu ita. Amurka ta rage nata zuwa kwana 5 tun watan Disamba 2021, sannan a watan Maris 2024 ta daina ƙidayar kwanaki, ta ce mutum ya zauna a gida har sai ya yi awa 24 babu zazzaɓi kuma jikinsa yana samun sauƙi. Ingila kuwa tun watan Afrilu 2022 kwana 3 ta sanya wa yara 'yan shekara 18 zuwa ƙasa. A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin dokar ta-ɓaci da ta ɗora a kan cutar, amma cutar ba ta bar gari ba. Sakamakon haka shugabar makaranta tana maganar mako biyu, uwa ta ji a rediyo an ce kwana biyar, kaka kuma tana ganin da zarar jiki ya yi sanyi sai a sa wa yarinya kayan makaranta.

Zuwan farko shi ne ya fi nuna raunin wurin. Ana yankar kati a bakin ƙofa, a auna zafin jikin yaro da nauyinsa, sannan a tura kowa ɗakin jira guda ɗaya, wanda tagoginsa suke rufe saboda ƙurar hunturu. A nan mai tari yake zaune kusa da jaririn da aka kawo allurar rigakafi, kuma ko da na gaya wa ma'aikaciyar da ke teburin karɓar baƙi cewa muna zargin korona, abin da ta yi bai wuce miƙo mana takunkumi ɗaya na manya ba, wanda ya yi wa fuskar yarinya yawa har yana zamewa ƙasan hancinta. Asibitin yana da baranda mai faɗi wadda iska ke ratsawa, kuma ajiye benci biyu a wurin domin masu tari da mura ba zai ci kuɗin kirki ba. Asibitin da ke karɓar kuɗi domin ya faɗi ranar da yaro ya daina yaɗa cuta bai kamata ya zama wurin da ake cakuɗa masu ɗauke da ita da jarirai ba. Mun fita barandar da kanmu muka jira, ba wanda ya hana mu, ba kuma wanda ya ce mu yi hakan.

Daga lokacin da aka shiga wurin likita al'amarin ya sauya. Abu na farko da ta yi shi ne umartar a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, tana mai cewa a Kano ba a ganin yaro da zazzaɓi a tsallake maleriya, ko da a lokacin sanyi ne, kuma samun korona ba ya hana maleriya zama a jiki a lokaci guda. Wannan ya burge ni, domin kuskuren da ya fi haɗari a nan shi ne a ɗora komai a kan korona a bar yaro a ɗaki ana jiran kwanaki su cika, alhali abin da ke cinsa wani abu ne da ake da maganinsa a hannu. Bayan gwajin maleriya ya fito babu komai, sai aka yi gwajin gaggawa na korona. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya zaunar da yarinyar a kan cinyata, ya ce mata ta kalli fankar sama, ya zura tsinken auduga a kowace ƙofar hancinta ya juya a hankali, ya tsoma shi cikin wata 'yar kwalbar roba mai ruwa, sannan ya ɗiga ruwan a kan ɗan allon gwajin. Ya rubuta lokaci a jikin allon da biro, ya ce sai bayan minti 15 ake karantawa, kuma duk abin da ya fito bayan minti 30 ba a aiki da shi. Layi biyu suka fito, na biyun ya yi duhu sosai. Ya nuna mini su da kansa, ya kuma ƙara da cewa ko da layin na biyu ya fito dishi-dishi, ana ɗaukarsa a matsayin akwai cutar. Wannan bayani ya yi mini amfani daga baya, kuma ban taɓa jin sa daga bakin masu sayar da irin wannan kayan gwaji a kemis ba.

Muhimmin abin da ake biyan kuɗi dominsa shi ne yadda likitar ta tsara hukuncin komawa makaranta, kuma a nan ne zan ɗan tsaya. Ba ta fara da faɗin adadin kwanaki ba. Ta tambaye ni ranar da alamar farko ta bayyana, ta kuma nace sai an tantance, ciwon maƙogwaro ne ya fara ko zazzaɓi, da safe ne ko da dare. Ta bayyana cewa ranar da alamu suka fara ba a ƙidaya ta, washegari ce rana ta ɗaya, kuma ranar da aka yi gwaji ba ita ce mafarin lissafi ba sai ga yaron da ba ya jin komai. Iyaye da yawa suna lissafi daga ranar da suka zo asibiti, sai su ƙara wa yaro kwanakin da bai kamata ya rasa ba, wasu kuma suna lissafi daga ranar da wani a gidan ya fara tari, sai su mayar da shi da wuri. Ta zana mana kwanakin a bayan katin asibiti, ta sa da'ira a kan rana ta biyar da rana ta goma, domin sharaɗi na farko shi ne a wuce rana ta biyar. Dalilinta shi ne yaɗuwar cutar ta fi ƙarfi a kwana ɗaya ko biyu kafin alamu su bayyana da kuma kwana biyu ko uku bayan sun bayyana, daga nan haɗarin yana raguwa a hankali, kuma bayan kwana 10 da wuya yaro mai lafiyar garkuwar jiki wanda ciwonsa bai yi tsanani ba ya ci gaba da yaɗa ta.

Sharaɗi na biyu shi ne zazzaɓi, kuma a nan ta yi magana da kakkausar murya. Ta ce, "Malam, ina son awa 24 cur babu zazzaɓi, kuma a cikin awannin nan ba a ba ta farasitamol ko wani maganin sauke zafi ba. In an ba ta da asuba jiki ya yi sanyi da hantsi, wannan aikin magani ne, ba sauƙi ba ne." Ta ce a riƙa aunawa da ma'aunin zafin jiki maimakon ɗora bayan hannu a goshi, kuma digiri 38 ko fiye shi ne zazzaɓi. Wannan ita ce gaɓar da na fi ganin iyaye suna zamewa a kanta ba da mugun nufi ba, domin uwa takan ba yaro magani da karin kumallo saboda tausayi, ta tura shi makaranta jiki lafiya lau, kafin a tashi tara kuma zafi ya dawo, yaro ya kifa kai a kan tebur. Ta kuma gargaɗe mu kada a ba yarinya asfirin, kuma ta ƙi rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, tana mai cewa ba ya yin komai ga korona. Asibitin da ke da kantin magani a cikinsa, wanda ribarsa ke ƙaruwa da tsawon takardar magani, amma ya sallame ka da farasitamol da shawarar yawan shan ruwa, ya cancanci a yaba masa a kan hakan.

Sharaɗi na uku ba ya buƙatar wata na'ura. Likitar ta ce a lura ko yarinyar tana cin abinci kamar yadda ta saba, ko tana barci ba tare da tari ya tashe ta ba, ko tana iya wasa a tsakar gida ba ta nemi wurin kwanciya ba. Ta tuna mini cewa ranar makaranta doguwa ce, daga taron safe a tsaye cikin sanyi har zuwa tashi da rana, kuma yaron da ya daina yaɗa cuta amma ba shi da ƙarfin zama a aji bai shirya komawa ba. Idan waɗannan abubuwa uku suka cika, wato an wuce rana ta biyar, babu zazzaɓi, jiki ya dawo, sai a sake gwajin gaggawa. In ya nuna babu cutar, yarinya ta koma ta sa takunkumi har zuwa rana ta goma. In kuma layi na biyu yana nan, ta zauna har gwajin ya wanke ta ko kuma rana ta goma ta cika, duk wanda ya riga zuwa. Wannan tsari ya yi kusa da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, kuma ya fi na Ingila tsauri. Da na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta bi mafi sauƙin ba, sai ta ce ajin da yara suke zaune kafaɗa da kafaɗa a kan benci ɗaya, tagogi a rufe, kuma kowannensu zai koma gidan da ake da tsoho, ba a auna shi da ma'aunin wata ƙasa. Na gamsu da wannan amsa, musamman da yake mahaifiyata tana zaune tare da mu kuma tana fama da ciwon suga da hawan jini.

Inda asibitin ya fi yi mana rana shi ne kan batun gwajin PCR, wato gwajin korona da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, ba na gaggawa ba. Makarantar ta fara cewa ba za ta karɓi yarinyar ba sai an kawo sakamakon wannan gwaji yana nuna babu cutar, wanda shi ne abin da mutane suka saba ji tun 2020, lokacin da ake kai samfur ɗakin gwaje-gwaje na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ana jiran sakamako. Asibitin da muka je yana karɓar samfurin PCR ya tura wani wuri, kuɗinsa kuma ya ninka na gwajin gaggawa sau da yawa, don haka da riba kawai suke nema da sun ce mu biya. Likitar ta ƙi. Ta bayyana cewa PCR yana gano ɓurɓushin ƙwayar cutar ko da ta riga ta mutu, kuma yana iya ci gaba da nuna akwai cutar har tsawon wata uku bayan mutum ya warke, kamar tokar da ke zama a murhu bayan wuta ta daɗe da mutuwa. Gwajin yana da kyau wajen tabbatar da kamuwa tun farko, amma ba shi da amfani wajen yanke ranar komawa aji, kuma yaron da aka ɗaure da shi yana iya rasa rabin zangon karatu yana zaune a gida lafiyarsa ƙalau. Ta rubuta wannan bayani a layi uku a ƙasan takardar, ta sa hannu da hatimi, makarantar kuma ta karɓa ba tare da wata jayayya ba. Wannan kaɗai ya biya kuɗin ganin likita.

Haka kuma ta warware mana batun tari, wanda shi ne abin da ya fi tsorata malaman makaranta. Busasshen tari yana iya ɗaukar makonni bayan cutar ta wuce, kuma a watannin Disamba da Janairu, lokacin da ƙura ta lulluɓe Kano, rabin yaran aji suna tari ko da babu korona. Takardar ta faɗi a sarari cewa ragowar tari mai sauƙi ba dalilin mayar da yarinya gida ba ne, sai dai in zazzaɓi ya dawo ko tarin ya ƙaru. Game da wasannin motsa jiki, ta ce a koma musu a hankali, kuma in yarinya ta yi ƙorafin ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, ko jiri yayin gudu, a tsayar da ita a dawo asibiti.

Bibiyar da aka yi mana alkawari ita ce ta ba ni haushi. A wurin biyan kuɗi an ce ma'aikaciyar jinya za ta riƙa kiran waya tana tambayar jikin yarinya, kuma akwai lambar WhatsApp da za a tura tambaya a kowane lokaci. Kiran bai zo yadda aka faɗa ba, kuma saƙon da na tura da dare game da zafin jiki sai washegari da rana aka amsa shi, da jimla ɗaya da ke cewa a ci gaba da magani. Mu dai Allah Ya taimake mu ciwon bai yi tsanani ba, amma uban da ya dogara da wannan lamba a daren da numfashin ɗansa ya sarƙe yana iya ɓata awannin da ya kamata ya yi a ɗakin kulawar gaggawa. Gara a cire wannan alkawari daga cikin hidimar, a gaya wa iyaye ƙarara cewa da dare su nufi asibitin da ke karɓar gaggawa, da a karɓi kuɗinsa a bar shi babu mai kula. Ban da wannan, ba a faɗa mana tun farko cewa gwaji na biyu da takardar kanta kowanne yana da kuɗinsa daban ba, sai da muka koma aka miƙo mana sabon lissafi. Kuɗin bai fi ƙarfina ba, amma rashin faɗar sa tun a ranar farko bai dace ba, musamman ga magidancin da ya zo da abin da ya ƙidaya a aljihunsa.

Akwai kuma takardar alamomin haɗari da suke ba iyaye, wadda abin da ke cikinta yana da kyau amma da Turanci kawai aka buga ta, da ƙananan haruffa. A cikinta an lissafa numfashi da sauri ko da wahala, faɗawar ƙirji yayin shaƙar iska, ƙin shan ruwa ko nono, yawan barcin da ake kasa tayar da yaro, da suma. An kuma ambaci wani ciwo da ba a cika samu ba amma yana da haɗari, wanda yakan bayyana mako biyu zuwa shida bayan korona, ko da ta zo da sauƙi, da zazzaɓin da ya kai kwana uku ko fiye, jan ido, ƙuraje, ciwon ciki, amai ko gudawa. Muhimmancin wannan shi ne yana zuwa ne bayan yaro ya riga ya koma makaranta kowa ya manta da maganar korona, don haka dole uwa ta san da shi, ta kuma gaya wa duk likitan da ta kai yaron wurinsa cewa ya yi cutar kwanan baya. A yawancin gidajen Kano uwa ce ko kaka ko yayar yaro ke zaune da shi da rana, kuma takardar da ba za su iya karantawa cikin sauƙi ba ta rasa rabin amfaninta. Fassara shafi ɗaya zuwa Hausa ba aikin da zai gagari asibitin da ke tsakiyar birnin Kano ba ne.

Babban giɓin da na gani a tsarin shi ne an gina shi kamar yaron Kano makaranta ɗaya yake zuwa. Takardar an rubuta ta ne zuwa ga shugabar makarantar boko, kuma ba wanda ya tambaye ni game da Islamiyya, alhali 'yata, kamar mafi yawan sa'o'inta, tana zuwa can da yamma. Idan ana maganar yaɗuwar cuta ta numfashi, ajin Islamiyya bai gaza na boko haɗari ba, domin yara suna zaune a kan tabarma jiki na gugar jiki, suna ɗaga murya tare wajen bitar karatu, kuma ɗaga murya yana ƙara yawan abin da ke fita daga baki da hanci. Iyaye da yawa sukan hana yaro boko saboda ana neman takarda, amma su bar shi ya tafi Islamiyya saboda kusa take da gida kuma ba a tambayar komai. Da na kawo maganar, likitar ta amince nan take cewa ranar komawa ɗaya ce ga makarantun biyu, ta ce a ba ni kwafi na biyu, amma da ban tambaya ba da ba a ambata ba. Haka nan ba a yi maganar hanya ba, alhali yara da dama a adaidaita sahu ake kwasar su, a cusa su da yawa a kujera ɗaya, a kuma sauke labulen gefe saboda sanyin safiya. Takunkumin da aka ce a sa har rana ta goma ya kamata a faɗa cewa daga ƙofar gida ake sa shi, ba daga ƙofar aji ba.

Game da sauran yaran gida, shawarar da aka bayar mai sauƙi ce, kuma na ga dacewarta. Wanda ba ya jin komai ya ci gaba da zuwa makaranta, a riƙa lura da shi, da zarar ya fara zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro a tsayar da shi a fara masa nasa lissafin daga ranar. Abin da bai yi daidai da rayuwarmu ba shi ne umarnin da ke cikin takardar cewa a keɓe wa mara lafiya ɗaki da banɗakinsa, wanda a gidan haya mai ɗaki biyu ba zai yiwu ba. A baki likitar ta fi takardar hikima, domin ta ce in ba a iya raba ɗaki ba a raba shimfiɗa da kofi da cokali, a buɗe taga da rana, a bar yarinya ta fi zama a tsakar gida, sannan abu mafi muhimmanci a nisanta ta da kakarta. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi wahala a aikace, domin Hajiya ba ta yarda jikarta tana kwance ita kuma tana wani ɗaki ba, sai da na maimaita mata maganar likita da sunan likita kafin ta haƙura.

Wanda bai da halin zuwa asibitin kuɗi bai rasa komai daga ainihin shawarar ba, domin likitocin yara a Asibitin Hasiya Bayero, da Asibitin Murtala, da asibitin yara na Khalifa Isyaku Rabi'u da ke titin Gidan Zu suna iya duba yaro su faɗi ko ya isa komawa aji, kuma Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, wato NCDC, tana da lambar kira kyauta ta 6232. Abin da kuɗi ke saya a asibiti irin wanda na je shi ne gajeren layi, gwaji a wuri ɗaya, da likitar da ke da lokacin zana maka kwanaki a bayan kati ta kuma amsa tambayoyinka. Ga yaron da ciwonsa bai wuce mura da zazzaɓin kwana biyu ba, kuma makarantarsa ba ta neman takarda, iyayen da ke da ma'aunin zafin jiki a gida za su iya bin sharuɗɗan nan uku da kansu bayan an tabbatar ba maleriya ba ce. Amma yaro mai ciwon sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, ko wanda yake shan magungunan da ke rage garkuwar jiki, bai kamata a yanke masa ranar komawa a gida ba. Zazzaɓi ga mai sikila abin gaggawa ne tun daga ranar farko, wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kuma yana iya ɗaukar lokaci fiye da kwana 10 yana ɗauke da ƙwayar cutar, don haka likitan da ya san tarihinsa ne ya kamata ya sa hannu a takardarsa.

Duk wanda zai nemi wannan hidima, a wannan asibiti ko wani makamancinsa, ya tafi da ranar da alamar farko ta bayyana a rubuce, tare da lokacin da aka ba yaro maganin zazzaɓi na ƙarshe, domin su ne tambayoyin farko da za a yi masa. Ya tambayi jimillar kuɗin tun a teburin yankar kati, har da na gwaji na biyu da na takarda, ya zo da takunkumi daidai fuskar yaro daga gida, ya nemi a bar su su jira a waje, kuma kafin ya bar ofishin likita ya tabbatar an rubuta a cikin takardar cewa ba a buƙatar gwajin PCR, an kuma ba shi kwafi biyu, ɗaya na boko ɗaya na Islamiyya.